Kurakuran da ke kayar da takardar neman kuɗin binciken muhalli

Da zarar TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati da kuɗi, ta buɗe ƙofar asusun bincike na ƙasa, wato NRF, sai ka ga malaman manyan makarantu daga Zariya har Kaduna sun duƙufa rubutu, da yawansu kan ambaliya da zafi da sare itatuwa. Abokai sukan kawo min takardunsu in duba kafin su tura, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Mafi muni shi ne haɗin gwiwar suna kawai. Saura kwana uku a rufe, jagoran binciken ya ɗaga waya: "Malam, turo min takardunka, na sa ka a tawaga." Na taɓa riƙe wata takarda mai sunayen mutum shida daga makarantu uku. Na tambayi mai ita wa zai auna ruwan kogi a cikinsu, ya yi shiru yana juya biro. Masu tantancewa su ma malamai ne, sun san wannan dabarar, kuma ranar kare takarda tambaya ɗaya ke tona ta. Ku zauna tun da wuri, ko da a ofis ɗaya ne da shayi, a rubuta aikin kowa. Wa zai riƙe bayanan da aka tara? Sunan wa zai fara idan an buga sakamako? Na'urar da aka saya a hannun wace makaranta za ta zauna bayan an gama? Waɗannan ukun sun raba abokai da yawa. Abokan aiki na gaske kuwa ga su a gida: cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, cibiyar binciken aikin gona a Samaru, kwalejin gandun daji a Afaka. Mai nazarin halayyar jama'a ma a ba shi aiki na sosai, kada a maƙala shi don ado.

Sai faɗin batu. "Tasirin sauyin yanayi a Najeriya" take ne da ba a gama shi da kuɗin gwamnati na shekara biyu. Ka ɗauki bakin Kogin Kaduna, daga Rafin Guza zuwa Kigo Road, ka yi tambaya ɗaya: nawa ne laifin ruwan sama a ambaliyar nan, nawa ne na gini a hanyar ruwa da magudanan da leda ta toshe? Wannan za a iya auna shi. Kuma ka daina ɗora wa sauyin yanayi komai tun a shafin farko, domin abin da ka zo ka bincika ke nan. Bayanan ruwan sama na shekaru da yawa a wurin hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, suke, sai an rubuta an nema, ba a kuma cika samunsu kyauta ba, saboda haka ka sa su a kasafi.

Wasu ƙofar da ba tasu ba suke ƙwanƙwasawa. Hukumar dasa ganuwar itatuwa don tare hamada, wato Great Green Wall, a jihohi 11 na bakin hamada aka kafa aikinta, irin su Katsina da Jigawa da Yobe, babu Kaduna a jerin. ACReSAL ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja da dala miliyan 700 na Bankin Duniya, amma shiri ne na gyaran filayen da suka lalace a aikace, ba asusun bincike ba. Ƙaramin aiki na cikin makaranta kuwa akwai tallafin IBR na TETFund. Yana da kyau ka nuna inda aikinka ya taɓa Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, a layi biyu, ba shafi uku ba.

Kasafi ma yana kayar da mutane, har bayan sun ci. Rabin kuɗi a tafiye-tafiye da kwamfutoci, mai dubawa zai ja layi a kai. Kuɗin kashi-kashi ake sakinsa, na biyu ba ya fitowa sai an ga rahoto da rasit na na farko, don haka ko awon ruwa ɗaya aka biya a ɗakin gwaji, a karɓi rasit a ajiye. Waɗanda suka yi lissafin mai kafin cire tallafi a Mayun 2023 sun ji a jikinsu, a bar ɗan sarari. Damina kuma ba ta jiran akanta: kuɗi ya fito a Oktoba, ruwan da za ka auna ya wuce sai baɗi. Ka tsara jadawalin yadda aikin rani, irin su taswira da hira da mazauna, zai iya shiga gaba.

Mazaunan ma kada a faɗa musu unguwa da takardar tambayoyi ba sallama. A fara da mai unguwa. Tsohon da ya shekara arba'in a bakin kogi zai kai ka bangon masallaci ya nuna maka iyakar ruwa a shekarun da ba wanda ya auna. Ka ware kuɗin komawa wurinsu ka faɗa musu sakamakon da Hausa, ka kuma rubuta hakan a kasafin, da kuɗin hayar kujeru da lasifika.