Yadda Ake Sa Git Ya Riƙa Share Tsofaffin Rassa Ba Tare Da An Yi Asara Ba

Duk ma'ajiyar Git (manhajar adana tarihin canje-canjen lambar kwamfuta) da mutane da yawa suka daɗe suna aiki a kanta, da ka buga `git branch -r` sai ka ga rassa (branches) jingim, wasu ma an manta wanda ya buɗe su. Sharewa da hannu ba ta ɗorewa. Gara a ɗora wa na'ura aikin, amma da tsari.

Fara da wanda ba ya cin ko sisi. A GitHub ka shiga Settings na ma'ajiyar ka kunna Automatically delete head branches. Daga ranar, duk reshen da aka haɗa ta PR (pull request, wato buƙatar haɗa reshe da wani) zai tafi da kansa, kuma in an neme shi akwai maɓallin Restore branch a shafin PR ɗin. A kwamfutarka kuwa ka buga `git config --global fetch.prune true` sau ɗaya tak, Git ya daina nuna maka rassan da tuni aka goge a saba.

To, ga inda sababbin shiga ke afkawa rami. Sukan ɗauki abin da `git branch --merged main` ya fitar su miƙa wa `git branch -d`, su ce an gama. Alhali wannan umarnin abu ɗaya yake dubawa: shin kwamit (canjin da aka adana) na ƙarshe na reshen yana cikin tarihin main, wato babban reshe? Idan da Squash and merge kuke haɗawa, ai an dunƙule duk kwamit ɗin reshen sun zama sabo guda ɗaya mai wata lamba daban, don haka a wurin Git reshen bai haɗu ba. Sai mutum ya ga rassa sun ƙi tafiya, ya hasala, ya mayar da ƙaramin `-d` babban `-D` mai gogewa ko da ba a haɗa reshen ba, ya ƙara sharaɗin cewa duk wanda ya haura wata uku a goge shi. Da haka ake kwashe aikin wanda ya tafi hutu ko wanda aka ɗan juya zuwa wani aiki. Daɗewar reshe ba ta nuna an gama da shi.

Saboda haka kada ka tambayi Git kaɗai, ka tambayi GitHub ta manhajarsa ta umarni, `gh`. `gh pr list --state merged --head sunan-reshe` zai gaya maka ko an haɗa shi, ko ta wace hanya aka bi. Wanda ya fito a nan, kuma ba shi da wani PR a buɗe, a goge shi da `git push origin --delete sunan-reshe`. Na kan kwamfutarka kuma ka duba `git branch -vv`, waɗanda aka rubuta wa gone su ne aka cire a saba.

Tsofaffin da ba a taɓa haɗawa ba fa? Ni dokata ita ce ba a goge su sai an bar musu alama: `git tag ajiya/sunan-reshe origin/sunan-reshe`, ka tura alamar saba, sannan ka goge. Alamar ba ta cin wuri. Kada wani ya ce maka ai reflog, wato kundin da Git ke rubuta inda rassa suka taɓa tsayawa, zai cece ka. A kwamfutar mutum ɗaya yake zaune, kuma bisa tsarin asali bayan kwana 30 Git na iya kwashe kwamit ɗin da babu reshe ko alamar da ke riƙe da su.

Saura ɗorawa kan jadawali ta GitHub Actions, tsarin da GitHub ke gudanar maka da aiki da kansa. Ka sa fayil a `.github/workflows` da `cron: '0 5 * * 1'`, wato kowace Litinin ƙarfe biyar na asuba agogon UTC, shida ke nan a Najeriya da Nijar. Sau ɗaya a mako ya isa, kada ka ƙona mintunan Actions a banza, tunda tsarin kyauta 2,000 kawai yake bayarwa a wata ga ma'ajiyar da ba ta jama'a ba. A cikin fayil ɗin ka sa `fetch-depth: 0` don aikin ya ga duk rassan, ka ba shi izinin gogewa da `contents: write`, ka ware main da develop da duk na release daga jerin. Makonnin farko ya riƙa buga sunayen da `echo` kawai, ka tura wa abokan aikinka su duba, in ba wanda ya ce nasa na ciki sai ka kunna gogewar.