Yadda ake dasa ɗorawa daga kalwa, ko da ana ta surutu

Jama'a duk mai ɗan fili a Kuje ko Bwari don Allah ya dasa ɗorawa. Gbagyi da aka tarar a nan kafin a ƙirƙiri Abuja a 1976, an tashe su daga ƙauyuka da yawa amma suna nan da nomansu, in sun share gona basa sare ɗorawa da kaɗanya, abin yana burge ni sosai wallahi.

Ka samo kalwa ɗanya, wadda ba a dafa don daddawa ba. Ɓawonta tauri gare shi, sai ka zuba mata ruwan zafi ka barta ta kwana a ciki, da safe ka saka a ledar fiya wata da ka huda ƙasanta, ƙasa da taki kaɗan, ban ruwa safe da yamma a inuwa. Damina ta kankama wajen Yuni sai ka mayar gona, tazara kamar mita 10, ka kewaye da ƙaya saboda awaki.

Sai maganar mutane. Za a ce Malam wa zai ci, tunda takan kai shekara 8 ko 10 kafin ta yi 'ya'ya, wasu ma har da zancen iskoki. Kar ka tsaya musu, icen da ke da 'ya'ya ai shi ake jifa, ka amsa gaisuwa ka wuce da bokitinka. Rani na farko ne mai wuya, kar ka bari ta bushe.