Kurakuran da aka fi yi wajen sauya kayan masaƙa

Wasu masaƙan Damagaram na son faɗaɗa ƙwaryar saƙa, wato siririn ƙyallen da ke fitowa daga masaƙa, daga mai faɗin tafin hannu zuwa santimita 30 ko 40, don ɗinkin haɗi ya ragu. Niyyar mai kyau ce. Inda ake tuntuɓe shi ne a sauya matsefi, wato abin buga zare mai haƙora, shi kaɗai a bar sauran kaya yadda suke.

Da zarar zaren tsaye ya ninka uku, jan da yake bukata ma ya ƙaru. In dutsen da ke kan kunkuru, wato katakon da ke riƙe da ƙarshen zaren tsaye, bai sauya ba, kunkurun zai riƙa tahowa duk lokacin da aka buga matsefi, zare ya saki, ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance ta riƙa tsallake silli. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ana danna zaren da tafin hannu daga gefe zuwa gefe har a ji ƙarfinsa ɗaya. In gefe guda ne ya saki, laifin na wadari ne, nauyi ba zai gyara shi ba, sai an kwance an sake ɗaurewa. Sandar naɗe saƙa ita ma a nemi mai kauri, domin siririya tana lanƙwasa a tsakiya, ƙyalle ya fito da ciki.

Sai haƙoran matsefi. Wasu na maye gurbin na kara da wayar ƙafar keke don ta fi ƙarko, amma suna jera ta da ido. Tazara mai yawa tana ba da saƙa sako-sako kamar rariya, matsattsiya kuma tana cin zare har ya yi gashi ya tsinke. Ga yadda ake aunawa: a naɗe zaren a jikin rula, silli kusa da silli ba tare da matsewa ba, a ƙirga nawa suka cika santimita 1. Rabin wannan adadi shi ne zaren tsayen da saƙa ta yau da kullum ke so a kowace santimita. In naɗi 16 ne, silli 8 ke nan, wato ramin matsefi 4 in ana zura biyu-biyu. Kowace waya a goge ta da samfefa, a ja auduga a jikinta. Inda audugar ta maƙale, nan zare zai tsinke. Tsatsa kuma tana ɓata farin zare.

Allira, wato igiyoyin da ke ɗaga zaren tsaye, in aka ɗaure ta da hannu ba ma'auni, idanunta kan yi hawa-hawa, bakin da ƙoshiya ke bi ya ƙi buɗewa sosai. A kafa ƙusa 4 a katako, a ɗaure kowace a kansu, tsawo ya zo ɗaya.

A ƙwarya mai faɗi, gefe na tsukewa in aka ja zaren kwance ya miƙe tam. A bar shi a karkace cikin baki kafin a buga.

Lokacin hunturu iskar Zinder na busar da auduga, sai a ɗora wa sabon matsefi laifi. A yi wa zaren tsaye sitaci tun wajen wadari, a kuma shafa masa jiƙaƙƙen tsumma ana cikin aiki.

Haɗa auduga da zaren roba a wadari ɗaya yana jawo yamutsewa bayan wanki, don auduga na tsukewa, robar kuwa ba ta cika yi ba. Kafin a ɗora wadarin gwado ko luru gaba ɗaya, a saƙa rabin mita, a auna, a wanke, a shanya, a sake aunawa. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a gane wanda ya ɓata aikin ba.