Ka sayi magazin ɗin bindiga a Amurka, daga baya ka ga kamar doka ta hana shi? Ga abin yi

Wannan maganar ta 'yan'uwanmu ce da ke zaune a Amurka masu lasisin riƙe bindiga, musamman masu gadi da masu shago. Abin yakan faru ne haka, ka je shagon dila ko ka yi oda ta intanet, an kawo maka gidan harsashi wato magazin, sai da ka dawo gida ka juya shi ka ga an buga 17 ko 30 a jiki, alhali jihar da kake 10 kawai ta yarda. Gabanka ya faɗi. To ka nutsu tukuna, don yawanci abin da mutum ya yi cikin firgici a ranar farko shi ke jefa shi cikin babbar matsala.

Ka fara sanin cewa babu dokar tarayya a kan yawan harsashin magazin yanzu, an yi ta a 1994 ta ƙare a 2004, tun daga nan kowace jiha da nata tsarin. Niyok 10 ne, Kalifoniya 10, Niyu Jasi ta sauko daga 15 zuwa 10 a 2018, Kolorado 15 tun 2013, Ilinois kuma tun 2023 ta raba, 10 ga doguwar bindiga 15 ga ƙarama. Teksas da Fensilbaniya babu iyaka sam. Shi ya sa ake yawan faɗawa, ƙaramar bindiga samfurin Glock 17 da magazin mai cin 17 take zuwa daga kamfani, Glock 19 mai 15, mutum ya tsallaka Fensilbaniya ya saya a shago mai lasisi da rasit da komai, ya tuƙo mota ya dawo Bronks da ke birnin Niyok, ai daga shigowarsa Niyok abin hannunsa ya zama haramtacce ko da dilan bai yi laifin komai ba.

Kafin ka tayar da hankalin kowa ka duba abin da kyau, ba tare da ka saka shi a bindiga ba. Akwai magazin da jikinsa dogo ne kamar mai 30 amma an toshe shi tun daga kamfani, 10 kawai yake ɗauka, za ka ga an rubuta 10/30 a kwali ko ka ga kan ƙusa an dasa a gefe. Duba kwalin, duba rasit, duba ƙananan ramukan da ke bayansa masu lamba. In ka tabbatar ya wuce iyaka, ko kana kokwanto, mayar da shi kwalinsa babu harsashi ko ɗaya a ciki, ka kulle a gida, ka haɗa rasit da imel ɗin oda da duk saƙon da kuka yi da dilan wuri guda.

Daga nan sai lauya, kuma lauyan da ya san dokar makamai ta jiharka, ba wanda ya yi maka takardun aure ba. Lauya kafin dila, lauya kafin 'yan sanda. Na san kuɗin ganin lauya akwai ciwo, amma wallahi ya fi sauƙi a kan abin da ke gaba, a Niyu Jasi riƙe irin wannan magazin na iya kai mutum ɗaurin da ya kai wata 18, a Niyok ma ana iya tuhumarka da babban laifi. In kuma girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kake riƙe da shi ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna, ka gaya wa lauyan tun a zaman farko, don laifin da ya shafi makami yana iya taɓa takardun zamanka, wannan ita ce ta fi damuna da mutanenmu, shekara goma sha kana gina rayuwa abu ɗan ƙarami ya rusa.

Abubuwan da nake roƙonka kar ka yi: kar ka ɗauki hoto ka tura guruf ɗin WhatsApp ko Facebook kana tambaya "wannan halal ne?", ka rubuta wa kanka shaida ke nan. Kar ka sayar wa aboki ko ka ba shi ajiya, miƙa shi ga wani laifi ne daban, ka kuma jawo masa. Kar ka jefa a bola. Kar ka kai shi filin koyon harbi wai don ka gwada. Kar kuma ka ɗauko abin huda ƙarfe ka ce za ka toshe da kanka, kowace jiha da abin da take kira toshewa ta dindindin.

Mayar wa dila ma ba a yi da ka, ko aika shi ta gidan waya. Wani dilan zai karɓa ya canza maka da mai 10 ya ba ka haƙuri, wani kuma tunda shi ma yana tsoron lasisinsa sai ya fara kare kansa, don haka bari lauya ya rubuta masa, komai ya zama a rubuce. In an yanke shawarar miƙa wa hukuma, dokar Niyok ta ba da kariya ga wanda ya miƙa makami da kansa amma sai ya bi tsarin da 'yan sanda suka shimfiɗa, wato a kira a sa lokaci, ba ka shiga ofishinsu da leda a hannu ba sanarwa. Ka karɓi takardar shaidar miƙawa, ka yi mata hoto ka ajiye tare da rasit ɗin.

Wani abu kuma, za ka ji ana cewa ai kotu ta soke dokar. A Kalifoniya an taɓa samun kusan sati ɗaya a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilun 2019 da aka yi ta saye bayan hukuncin wani alƙali, sai aka dakatar, kuma a Maris 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dokar. Shari'o'in nan juyawa suke yi, don haka ka sa lauya ya duba maka matsayin dokar a ranar da ka saya da kuma yau, ka ba shi ranar da ke jikin rasit.