Yadda nake lissafin karyayyen gwal kafin in taya a gwanjon intanet

A Birmingham ta Ingila nake zaune, kuma bayan aikin da nake ci da shi ina da wata 'yar sana'a ta dare: ina bin shafukan gwanjo ina sayen karyayyen gwal, tsinkakkiyar sarƙa, ɗan kunne wari ɗaya, zoben da ya lotse, in tara su in kai unguwar maƙera da ke Hockley a narkar. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba. Amma na gaji abin daga kawuna da ke sayar da gwal a Kano, wanda tun ina yaro nake ganin idan mace ta kwance ƙullin gyale ta ajiye masa sarƙa, ba ya kallon kyanta, sikeli yake jawowa. Idan ta ce "Alhaji, ka san nawa na saye ta a Saudiyya kuwa?" sai ya ce "Hajiya, kuɗin ƙira ai ya tafi tun ranar." To a intanet ma haka abin yake, sai dai an raba ka da sikelin, an bar ka da hoto.

Abin da kake saya giram ne na tsantsar gwal da ke cikin kayan. Saboda haka kafin ka taɓa maɓallin tayi, lambobi uku za ka nemo: farashin gwal na ranar, karat ɗin kayan, da nauyinsu.

Farashin da ake bugawa kullum na oza ɗaya ne, kuma a nan mutane da yawa suke fara tuntuɓe. Ozar gwal giram 31.1 ce, ba 28.35 ta sikelin kicin ba. Idan mai kaya ya ce "oza ɗaya" alhali da sikelin auna fulawa ya auna, ka yi asarar kusan giram uku tun ba a je ko'ina ba. Masu sayarwa daga Amurka kuma suna son rubuta dwt, wanda ɗaya giram 1.555 ne, 'yan Indiya da Dubai su ce tola, giram 11.66. Ka mayar da komai giram. Kuma ka duba farashin a ranar da gwanjon zai ƙare, domin gwal ya daina zama wuri ɗaya: ya haye dala 2,000 a Agustan 2020, dala 3,000 a Maris ɗin 2025, dala 4,000 a Oktoban 2025.

Karat kuwa kashi ne cikin 24. Mu da muka saba da gwal ɗin Saudiyya da Dubai, 21 da 22 da 18 muka sani, sai mu zaci ko'ina haka ne. A Ingila yawancin abin da za ka gani a gwanjo 9 karat ne, wanda mahaifiyata da ta gani ta ce wannan ai tagulla ce ta yi wanka. Ba ta yi ƙarya sosai ba, gwal ɗin da ke ciki bai kai kashi huɗu cikin goma ba. Lambobin da ake bugawa a jiki su ne adadin gwal cikin dubu: 375 shi ne 9 karat, 417 shi ne 10, 585 shi ne 14, 750 shi ne 18, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22. Jifa-jifa za ka ci karo da 333 na Jamus, wato 8 karat, ko 625 a tsofaffin kayan Ingila, wato 15 karat da aka daina bugawa a 1932, ko 583 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet.

Bari in nuna lissafin da misali. Mu ƙaddara oza tana fam 3,110, don giram ɗaya na tsantsa ya tashi fam 100 cif. Giram na 9 karat ya zama fam 37.50 ke nan, na 18 fam 75, na 21 fam 87.50. Ga wani ya zuba tsinkakkun sarƙoƙi uku da zobe mai dutse ɗaya, duka 9 karat, ya ce giram 12.4. Ni nakan cire giram ɗaya na dutsen da 'yan wayoyin ƙarfe da ke cikin maɓallan sarƙa da dattin shekaru. Saura 11.4, a ninka da 37.50, fam 427.50. Mai narkarwa ba zai ba ni wannan duka ba, shi ma yana da nasa kason. Mu ce ya ba ni 95 cikin ɗari, fam 406. In cire fam 8 na aikowa, in cire fam 40 ladan wahalata. Fam 358 ita ce iyakata. Ina rubuta ta da biro a bayan ambulan in ajiye gaban kwamfuta, domin na san halina idan agogon gwanjo ya fara ƙirga daƙiƙoƙi.

Ba a gama ba. Idan gidan gwanjo ne na gaske da ke saka kayansa a intanet, akwai la'adar mai saye da ake ɗorawa kan kuɗin da aka buga guduma a kai, sannan a ɗora wa la'adar harajin VAT na kashi 20. La'adar kashi 25 ta zama 30 ke nan. Sai ka raba 358 da 1.30, ka ga cewa tayinka bai kamata ya wuce fam 275 ba. Wanda bai karanta ƙananan rubutun nan ba zai taya 350 yana murna ya yi arha, takardar biya ta zo masa da 455.

Yanzu maganar hoto, inda aikin gaske yake. Ina son ganin abu biyu: kayan a kan sikeli lambar tana fitowa ƙarara, da hatimin jikinsu a kusa. A hoton sikeli ka duba harafin da ke gefen lambar, g ne ko dwt ko ct na awon duwatsu, sannan ka duba ko akwai leda ko akwati a kai. Na taɓa ganin wanda ya auna 'yan kunne a cikin 'yar kwalbarsu.

Hatimin Birtaniya abin dogaro ne fiye da na wurare da yawa, domin ba maƙeri ne ke buga shi ba, ofishin gwaji ne mai zaman kansa. Huɗu ne: na Landan alamarsa kan damisa, na Birmingham da aka kafa a 1773 anga ta jirgin ruwa, na Sheffield fure, na Edinburgh ganuwa. Dokar 1973 ta hana ɗan kasuwa kiran abu gwal idan ya kai giram ɗaya kuma babu wannan hatimi. Shi ya sa za ka ga gidajen gwanjo suna rubuta yellow metal, ƙarfe mai ruwan ɗorawa, a kan awarwaron da kowa ya san 22 karat ne daga Indiya ko Dubai. A nan ake samun garaɓasa, a nan kuma ake ƙonewa. Lamba tsirara kamar 750 ko 18K ba tare da alamar ofishi ba, kowa na iya sayen ƙarfen bugawa ya buga ta a jikin tagulla. Idan na ga irinta, nakan rage tayina sosai, ko in tambayi mai kayan ko an gwada, da me aka gwada.

Akwai haruffan da idan ka gan su ka san ruwan gwal ne kawai, irin abin da matanmu ke kira GL: GP, GEP, HGE. Idan ka ga 925, azurfa ce aka yi wa ruwa. GF kuwa ta ɗan fi su, fallen gwal ne aka manna a kan tagulla, kuma tana da nata lissafin. Rubutun 1/20 12K GF na nufin kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin ne 12 karat, shi kuma rabinsa ne tsantsa. Giram 100 na irin wannan, giram 2.5 ne gwal ɗinsa ranar da ya fito daga masana'anta, kafin gumi da shekaru su cinye bayansa. Ni ba na sayensu, masu narkarwa da yawa ma ba sa karɓa sai da yawa. Amma kada 14KP ta ruɗe ka: P ɗin nan ta Amurka na nufin karat ɗin ya cika 14 daidai, ba ruwa ba ne. Sau biyu ina samun arha saboda sauran masu tayi sun gudu daga harafin.

Karatun da ya fi zauna mini, da kuɗina na saye shi. Wani dare na ga kakkauran awarwaro mai zanen furanni, giram 31, an buga 375 a ciki, hoton ya yi kyau. Na yi lissafi, na taya, na ci. Da ya iso na juya shi a hannu na ji nauyinsa ya yi daidai, gwajin asid ma bai musa ba. Washegari na kai wa dattijon da nake sayar wa, ya ɗauki almakashin ƙarfe ya datse shi biyu a gabana ba tare da ya ce uffan ba. Cikinsa jan ƙarfe ne fal, gwal ɗin bai fi kaurin ɓawon albasa ba. Ya miƙo mini gilashin ido ya nuna mini wasu kalmomi biyu a gefen lambar da suka kusa gogewa: metal core. Suna cikin hoton gwanjon, na koma na duba, ni ne ban faɗaɗa shi ba. Ko ƙorafi ban iya yi ba. Rabin awarwaron yana nan a aljihun teburina.

Tun daga nan duk abu mai kauri ina zarginsa. Awarwaro mai rami a ciki akan cika shi da ƙaro ko kakin zuma ko waya. Kayan amare na Indiya masu duwatsu jere, ƙaron da ke riƙe duwatsun yana cikin nauyin. Agogon gwal, injinsa da gilashinsa da murfin ciki sukan fi gwal ɗin nauyi, kuma madaurin sau da yawa ba gwal ba ne. Dutse kuma, karat ɗaya nasa giram 0.2 ne, kuma mai narkarwa ba ya biyan ko sisi a kansa. Tarin sassan tsohuwar kwamfuta da ake tallatawa wai a ciro gwal, ka bar wa masu sinadarai da wurin aiki, hayaƙin asid ɗin kaɗai ya isa ya kwantar da mutum.

Abin da nake farin cikin gani shi ne tsabar sobarin, kuɗin gwal na Ingila, da aka ɗaura a zobe ko a sarƙa. Nauyinta sananne ne, giram 7.98 na 22 karat, tsantsarta 7.32, tsabar rabin sobarin kuma nauyinta giram 3.99. Mazaunin da aka ɗaura ta galibi 9 karat ne. Sai ka cire nauyin tsabar daga jimla ka yi wa kowanne lissafinsa daban. Wasu masu sayarwa sukan yi wa duka kuɗin 9 karat. Jabunta ma suna yawo, saboda haka a gwada.

Mai sayarwar shi ma a duba shi. Wanda ya shekara goma yana sayar da littattafai da takalma, yau kwatsam ya fito da sarƙoƙi goma masu kauri, ko dai an sace asusunsa ne ko kayan na da labari. Wanda ya ce ka bar shafin ka turo kuɗi ta banki zai rage maka, ka ce masa albarka, domin kariyar da shafi irin eBay ke ba mai saye ba ta bin kuɗin da ya fita ta bayan gida. Ka kuma lura da wani asusu sabo da ke ta ƙara tayi kaɗan-kaɗan ba ya taɓa ci. Malamai sun san wannan tun kafin intanet, najashu ake ce masa, kuma haramun ne. Af, tunda na taɓo malamai: sharaɗin hannu da hannu a cinikin zinare magana ce da ke buƙatar ka zauna da malaminka kafin ka mai da wannan sana'a. Ni na zauna da nawa.

Lokacin tayi kuwa, ba na tayawa da wuri, ba abin da yake jawowa sai tashin farashi. Saura daƙiƙa goma nake saka lambar bayan ambulan, sau ɗaya. Cikin goma nakan rasa takwas, wasu ma su tafi sama da kuɗin gwal ɗin da ke cikinsu, ka rasa abin da wanda ya ci zai yi da su.

Idan kaya suka iso, kunna kyamarar waya kafin ka yage ambulan, kada ka kashe sai ka ɗora su a sikeli. Sikelin ya zama mai nuna 0.01. Daga nan mayen ƙarfe mai ƙarfi: gwal ba ya binsa, amma tagulla ma ba ta binsa, saboda haka jabu kawai yake kamawa, ba ya shaidar na gaske. Maɓallin sarƙa zai ɗan motsa saboda wayar ciki, wannan ba komai. Sai gwajin ruwa ga abin da ba shi da rami ko dutse: auna shi a bushe, ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, rataya abin da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, ka raba nauyin farko da lambar da ta fito. Tsantsar gwal 19.3 yake bayarwa, 22 karat kusan 17.7, 18 wajen 15.5, 9 karat tsakanin 11 da 12, tagulla 8 da rabi. Asid da baƙin dutse su ne na ƙarshe a gida, kuma fatar waje kawai suke karantawa, haka ma na'urar XRF ta shago mai gwada ƙarfe da haske. Don a ga ciki sai an goga da zarto, kuma abin da ka goga ba ya mayuwa ga mai shi. Saboda haka idan nauyi ko ruwa suka saɓa wa abin da aka rubuta, ka tsaya nan, ka ɗauki hoto, ka buɗe ƙorafi tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba.