Gyaran sarƙewar gem a Wi-Fi, ga 'yan gem na Jidda

Da farko ka gano inda matsalar take. Buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows) ka rubuta ping 192.168.1.1 -t, ko dai lambar IP ta rautarku (na'urar da ke raba Wi-Fi a gida) in ba ita ba ce. In kana ganin lokacin amsa 2ms 3ms (ms kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne) sai kwatsam ya haura 300ms, to laifin Wi-Fi ɗinka ne, ka daina zagin kamfanin intanet.

Sai ka koma zangon Wi-Fi na 5GHz maimakon na 2.4GHz. A benayen nan namu kowane gida da rautarsa, duk sun cunkushe a 2.4GHz, amma fa 5GHz ba ya jure bangon kankare don haka ka matso kusa.

Shiga Device Manager na Windows, nemo adaftar Wi-Fi (na'urar da ke kama Wi-Fi a kwamfutarka), a Power Management cire alamar da ke barin kwamfuta ta kashe ta, wannan shi ke cin mutane musamman a laftof.

In adaftar ta USB ce, sa mata doguwar waya ta fito daga bayan kwamfuta, ramin USB 3.0 yana damun 2.4GHz.

Sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da adaftar) daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, a cikin gem kuma zaɓi sabar Gabas ta Tsakiya. In duk ya ƙi, ɗan'uwa ja wayar LAN daga rauta zuwa kwamfuta kawai.