Yadda mai HIV zai kare kansa daga sanƙaraun da fumfuna ke haddasawa

Ƙwayar Kiriftokokas dangin fumfuna ce da ke rayuwa a ƙasa, a ruɓaɓɓen itace da busasshen kashin tantabara, kuma mutane da yawa sun shaƙe ta tun suna yara ba tare da sun sani ba. Idan ta isa huhu, fararen ƙwayoyin jini kan haɗiye ta, sai dai tana da ɓawo mai kauri wanda ke hana su narkar da ita, don haka takan kwanta shekaru tana jiran garkuwar jiki ta yi rauni. Ƙwayoyin CD4, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ne ke jagorantar tsare ta, kuma su ne HIV ke kashewa. Da zarar sun yi ƙasa sosai, sai ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa ta haddasa sanƙarau.

Saboda haka, matakin farko shi ne mutum ya san adadin CD4 ɗinsa, musamman wanda aka gano yana da HIV a makare ko wanda ya daina shan magani ya dawo. Idan adadin bai kai 200 ba, ya nemi a yi masa gwajin jini na CrAg, wanda ke gano ƙwayar makonni kafin alamu su bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi matsa wannan ga waɗanda ke ƙasa da 100. Idan gwajin ya nuna tana nan, likita zai so ɗibar ruwan laka don tabbatar da cewa ba ta kai ƙwaƙwalwa ba, kuma bai kamata dangi su hana ba, duk da tsoron da ake yi wa wannan allura. In ba ta kai ba, ana ba da maganin fulukonazol na tsawon watanni, ba a yanke shi don an ji sauƙi.

Ciwon kai da ya ƙi tafiya, zazzaɓi, sandarewar wuya, ganin dishi-dishi ko ruɗewa na buƙatar asibiti a ranar. Rigakafin sanƙarau da ake yi lokacin zafi bai shafi wannan nau'in ba. Wanda aka tabbatar yana da shi, ana jinkirta masa fara maganin HIV da mako 4 zuwa 6, domin garkuwar da ta farfaɗo da gaggawa kan kumbura ƙwaƙwalwa.

Game da ɗakin tantabara kuwa, ya fi kyau wani daban, ba mai HIV ɗin ba, ya riƙa share shi, bayan ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta.